KURE, INDA AKE FARAUTA DA KAMARA

Duk wanda ya shiga mota daga Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, za shi Yamai, sai ya bi ta Doso. In ya wuce Doso, sai Birnin Gaure. In ya wuce Birnin Gaure, hanya ta hau tudu, sai wani gari da ake kira Kure. Daga nan saura kilomita 60 a shiga Yamai.

Yawancin matafiya ba su tsayawa Kure. Gajiya ta kama su, hankalinsu ya riga ya kai birni. Amma wani lokaci direba yakan taka birki ba zato ba tsammani. Mutane su leƙa ta taga, sai su ga wata dabba doguwa tana ƙetare kwalta sannu-sannu, kamar hanyar ta gidan ubanta ce. Raƙumin dawa ke nan.

Da can ana samun irin wannan raƙumin dawa tun daga Senegal har bakin tabkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka ƙare shi ƙasa bayan ƙasa. Garken da ya rage duk duniya, shi ne wanda ya tsira a Nijar, kewayen Kure. Saboda shi ne masu ɗaukar hoto suka san sunan wannan gari.

Tudu da kwari

Ƙasar Kure tana cikin jihar Tilaberi, gundumar Kollo. Mutanenta Zabarmawa ne, manoman hatsi da wake. Akwai Fulani makiyaya da bisashensu. Babu shinge tsakanin mutane da raƙuman dawa. Babu zaki cikin wannan daji. Yarinya tana tafiya rijiya da tulu, raƙumin dawa yana cin ganye gefen hanya, kowa na sha'aninsa.

Ƙasar ta kasu biyu. Akwai tudu, inda ƙasa take ja da tauri, da tsakuwa. Itatuwan tudun, su geza da taramniya da sabara, sun tsiro jeri-jeri. Jeri ɗaya na duhuwa, sai fako, sai wani jerin kuma. Nan raƙuman dawa ke taruwa da damana, lokacin da ganye ya yi ɗanye.

Gabas da tudun akwai kwari mai faɗi, ana ce masa Dallol Boso. Tsohon gulbi ne da ya daina gudu, kamar Dallol Mawri na wajen Dogon Dutsi. Ƙasarsa rairayi ce, rijiyoyinsa ba su da zurfi, gawo ya yi yawa cikinsa. Kowane manomi ya san halin gawo: da damana yakan kaɗe ganye, da rani ya yi kore. To, in rani ya shigo, tudu ya bushe, sai raƙuman dawa su gangara kwari wajen Harikanasu, su bi gawo.

Wanda ke son hotonsu, wannan ne karatunsa na farko. In ya je tudu da rani, ko kwari da tsakiyar damana, zai sha yawo.

Dogon madubi

Mai hoton namun daji ba ya kama da mai hoton kasuwa. A gaban kamararsa akwai wani bututu. Babban cikinsu ya kai kamu ɗaya tsawo, bakinsa ya kai faɗin ƙaramar ƙwarya, nauyinsa kilo 3 ko fiye. Wanda bai sani ba, in ya hango shi daga nesa, sai ya ce bindiga ce. Ba harsashi cikinsa. Gilasai ne da aka goge, aka jera ɗaya bayan ɗaya. Shi ne dogon madubi.

Aikinsa jawo nesa kusa. Ana auna ƙarfin madubin kamara da milimita. Mai milimita 50 yana ganin abu kusan yadda idon mutum ke ganinsa. Mai milimita 500 yana ƙara girman abu sau 10. Wato tsuntsun da ke nesa da taki 100, sai ya fito cikin hoto kamar yana taki 10. Masu hoton namun daji sun fi aiki da mai 300, da 400, da 500, da 600.

Babban dogon madubi yana da tsada ƙwarai. Kuɗinsa yakan sayi bijimai fiye da 10. Akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, su ma suna biyan bukata.

Amma kowane alheri da nasa nauyi. Dogon madubi yana kawo abu kusa, sai dai wurin da yake gani ƙanƙane ne. Mai karatu ya naɗe takarda kamar bututu, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa ta ciki. Sa'an nan ya nemi tsuntsu bisa icce. Zai ga kafin ya same shi, tsuntsun ya tashi. Haka sabon mai hoto yake fama. Sai ya yi watanni yana koyo kafin hannunsa da idonsa su zama ɗaya.

Me ya sa mutum zai sha wannan wahala, ba zai matsa kusa ba kawai? Don kowace dabba tana da iyakarta. In mutum yana bayan iyakar, dabba ta ci gaba da kiwonta. In ya ƙetare, ta ɗaga kai, ta daina ci, ta juya baya. Makiyayi ya san wannan ga saniyar da ta haihu jiya. Dogon madubi shi ke bari mutum ya tsaya bayan iyaka, amma ya ga har gashin ido.

Da ɗan gari akan ci gari

Da asuba ake fita. Mai hoto ba ya fita shi kaɗai. Yana tare da ɗan rakiya, mutumin ƙasar, wanda ya tashi cikin wannan daji. Ƴan rakiyar Kure sun haɗu cikin ƙungiya mai suna AVEN.

Ɗan rakiya ba shi da dogon madubi. Yana da ido, kuma yana da mutane. In sun gamu da makiyayi, sai a tsaya a gaisa, a tambayi lafiyar bisashe, sa'an nan a tambaya ko ya ga dogayen jiya da marece. In sun gamu da mata masu icce, a tambaye su. Ɗan rakiya yakan duƙa ya dubi sawu. Sawun raƙumin dawa rabe yake biyu kamar na saniya, amma ya fi shi girma nesa. Yakan dubi kashi, ya murza, ya san ko na daren jiya ne. Yakan hau kan mota ko kan icce ya yi hange. Abin mamaki ne yadda dabba mai tsawon mita 5 take ɓacewa cikin duhuwa. Baƙo yana kallon itatuwa kawai. Ɗan rakiya ya nuna da hannu, sai baƙo ya ga ashe ɗaya daga cikin rassan kunne gare shi.

In an hango su, sai a bar mota a taka da ƙafa. A nan aikin mai hoto ya yi kama da na maharbi. Tsofaffi sun san maharbin burtu. Yakan ɗaura kan burtu bisa goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zane, ya duƙa, yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kai kusa da barewa. Mai hoto ba ya ɗaura burtu, amma dabarar ɗaya ce. Ba ya sa farar riga. Ba ya magana da ƙarfi. Ba ya nufar dabba kai tsaye, sai ya bi gefe kamar mai wucewa. In ta ɗaga kai ta dube shi, ya tsaya. In ta koma ga ganye, ya ƙara taki kaɗan. Bambancin yana ga ƙarshe. Maharbi in ya saki kibiya, barewa ɗaya ta ragu cikin daji. Mai hoto in ya danna, dabba tana nan tsaye tana taunar ganyenta, gobe wani ma ya zo ya gan ta.

Raƙuman dawan Kure sun saba da mutane, ba su da saurin gudu. Duk da haka ɗan rakiya ba ya barin baƙo ya matsa wa uwa mai jariri. Harbin ƙafar raƙumin dawa yana iya kashe zaki, balle mutum.

Abin da ke ɓata hoto

Abu na farko shi ne rawar hannu. Madubin da ke ƙara girman tsuntsu sau 10, yana ƙara rawar hannu ma sau 10. Ko numfashi yana motsa shi. Don haka mai hoto yakan ɗora kamara bisa wani ƙarfe mai ƙafa 3, kamar yadda ake ɗora tukunya bisa duwatsun murhu. In yana cikin mota, sai direba ya kashe inji, a aza ƴar jaka cike da wake ko hatsi bisa taga, a kwantar da madubin kanta. In babu ko ɗaya, ya jingina da icce, ya riƙe numfashi, ya danna.

Cikin kamara akwai wata ƴar ƙofa. In an danna, ta buɗe, haske ya shiga, ta rufe. In ta jima buɗe, abin da ke motsi yakan fito dishi-dishi. Don tsuntsu mai tashi, sai a raba sakan ɗaya kashi 1000 ko 2000, ƙofar ta buɗe kashi ɗaya tak. Wannan ya fi ƙiftawar ido sauri sau 100. Hasken da zai shiga cikin wannan ɗan lokaci kaɗan ne. Shi ya sa ake yi wa babban madubi baki mai faɗi, don ya kwashi haske da yawa. Faɗin bakin nan shi ya kawo nauyi da tsada.

Abu na biyu shi ne zafin rana. In rana ta take, ƙasa ta yi zafi, iska tana tashi tana rawa. Kowa ya san kawalwalniya bisa fako. Dogon madubi yana leƙawa ta cikin iska mai yawa, don haka da tsakar rana ƙafafun dabba sukan fito a karkace kamar ana kallonsu cikin ruwa. Babu kuɗin da ke maganin wannan. Maganinsa sammako. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana, su ne lokutan aiki. Mai hoto yakan so rana ta kasance bayansa, haskenta ya faɗa kan dabba. Tsakiyar rana kuwa ya nemi inuwa, kamar yadda raƙuman dawa su ma suke yi.

Abu na uku shi ne ƙura. Da ɗari, in hazo ya sauka, abin da ke nesa yakan yi fari-fari. Rairayi yana shiga ko'ina. Mai hoto yakan naɗe kayansa cikin zane. Ba ya kwance madubi cikin iska. Ba ya goge gilashi da bakin riga, don tsakuwa ɗaya ƙarama ta isa ta karce shi. Sai ya hure ƙurar tukuna, sa'an nan ya shafa da ƙyalle mai taushi.

Kowane raƙumi da zanensa

Wani zai ce, to, an ɗauki hoto, sai me? Hoton raƙumin dawa ba ado ba ne kawai. Da shi ake ƙidayarsu.

Bafulatani ya san kowace saniya cikin garkensa da launinta da ƙahonta. Raƙuman dawa ma haka suke. Zanen da ke jikin kowanensu nasa ne shi kaɗai. Da shi aka haife shi, da shi zai mutu. Zanen yana girma tare da jiki, launin namiji yakan ƙara duhu in ya tsufa, amma tsarin ba ya sakewa. Kuma zanen gefen dama dabam yake da na hagu.

Don haka masu ƙidaya suna bukatar hoto 2 ga kowane raƙumi, na dama da na hagu, tun daga wuya har cinya. A nan dogon madubi yake nuna amfaninsa. In mutum ya matsa kusa, raƙumi yakan juyo ya fuskance shi, ko ya ba shi baya ya tafi. Gaba da baya ba su da amfani ga mai ƙidaya. Amma in ya tsaya nesa, raƙumi ya manta da shi, ya ba da gefe yana ci. Wani lokaci gefe ɗaya ya samu nan da nan, gefe na biyu sai an yi zaman awa guda.

Ana rubuta ko namiji ne ko mace. Ana gane wannan har ga ƙaho: ƙahon mace siriri ne da tukun gashi, na babban namiji kauri gare shi, samansa ya yi sanƙo saboda karo. Ana rubuta ko babba ne ko ƙarami, da wurin da aka gan shi, da waɗanda yake tare da su. In jariri ne, a rubuta uwarsa. Mace takan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, tsawonsa kusan na babban mutum.

Da dare sai a zamna a gwada sabbin hotuna da tsofaffi. In zane ya yi daidai da wanda ke cikin kundi, to an san shi, yana nan da rai. In babu irinsa, sabo ne, a ba shi lamba. Ta haka ba a ƙirga ɗaya sau biyu. Da damana aka fi yin wannan aiki, lokacin da suka taru bisa tudu. Da can fim ake sa wa kamara, kowane ɗaya hoto 36, sai an kai birni an wanke kafin a san abin da aka samu. Kamarar zamani tana ajiye dubban hotuna cikin kati ƙarami kamar na wayar salula, kwamfuta kuma tana taimakawa wajen gwada zane.

Ga abin da kundin ya nuna. A shekarar 1996, raƙuman dawa 49 kaɗai aka samu. Ko garken mutum ɗaya mai hali ya fi haka. A shekarar 2018 sun haura 600. Ba a sayo ko ɗaya daga waje ba. An daina kashe su ne, suka hayayyafa. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga watan Afrilu 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da aka hana taɓawa sam.

Tsuntsu ya fi wuya

Raƙumin dawa babba ne, ba ya gaggawa. Tsuntsu ƙarami ne, ga tsoro, ga fiffike. Shi ne ke bukatar madubi mafi tsawo da haƙuri mafi yawa.

Cikin Dallol Boso, da damana da bayanta, ruwa yakan kwanta wuri-wuri. Nan ake ganin kirinjijiya da dinya da zalɓe. Balbela tana bin shanu. Cilakowa tana tsalle cikin sabara, zabin daji suna gudu cikin ciyawa, shirwa tana shawagi sama. Shamuwa kuwa, wadda ke zuwa gab da damana ta yi sheƙa tsakiyar gari, in kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka.

Mai hoton tsuntsu ba ya bin tsuntsu. Yakan kafa ƴar bukka ta zana bakin ruwa, ya bar ƙaramar kafa. Ya shiga tun da duhu, ya zamna. Sauro na cizonsa, ba ya kora. Ƙafa ta yi masa tsami, ba ya miƙewa. In gari ya waye tsuntsaye suka sauko, bakin madubi kaɗai ke waje. Abin da yake nema shi ne idon tsuntsu ya fito sarai. In ido ya fito, hoto ya yi. Yakan ɗauki 500 ya zaɓi 5.

Akwai abin da mai hoto na kirki ba ya yi. Ba ya jifa don tsuntsu ya tashi. Ba ya sare reshen da ya rufe sheƙa. Ba ya matsawa kusa da uwa mai kwanci, don in ta tashi ta bar ƙwai, ko rana ta dafa su, ko hankaka ya sha.

Hoton tsuntsu ma aiki yake yi. Da ɗari, tsuntsayen ruwa da yawa sukan baro ƙasashen Turai, su ƙetare hamada, su sauka tabkunan Nijar, kamar na Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni. Cikin watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa na duniya. In garke ya yi yawa har ido ya kasa, sai a ɗauke shi hoto, a koma gida a ƙirga ɗaya-ɗaya. Wasu tsuntsayen suna da zobe a ƙafa, wanda masu bincike suka sa musu can inda aka ƙyanƙyashe su. In zoben mai manyan baƙaƙe ne, dogon madubi yana karanta shi ba tare da an kama tsuntsun ba. Daga lambar sai a san ƙasar da ya fito da shekarunsa.

Ƙidaya tana faɗin labari marar daɗi ma. Dattawa sun tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta da kasuwa. A shekarar 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Wake da gawo

Ba kowa ke murna da yawan raƙuman dawa ba. Hatsi bai dame su ƙwarai ba, sai dai su tattake shi in suna wucewa. Amma suna son wake, suna son mangwaro. Da dare suke shiga. Abin da manomi ya aza sama don gudun awaki, wuyan raƙumin dawa ya kai, ga harshe mai tsawon kamu guda.

Manomin da aka yi wa ɓarna yana da hujja in ya ce wa mai hoto: «Malam, kai ka ɗauki hotonsa ka tafi. Ni kuwa wakena yana cikin cikinsa.» Hoto ba ya cika rumbu, kuma doka ta hana manomi ya rama.

Su ma raƙuman dawa ana yi musu ɓarna. Ana sare itatuwan tudu ana kai wa Yamai don girki. Gonaki suna ƙaruwa. Ana sassabe gawo don bisashe. In cimakarsu ta daji ta ragu, sai su ƙara matsowa gona. Motoci kuma sun sha kaɗe su bisa kwalta.

Saboda haka ƙungiyoyin da ke kula da raƙuman dawa suka sa hannu cikin zaman garuruwan. An gina rijiyoyi, an ba ƙungiyoyin mata ƙananan basussuka, an dasa itatuwa. Baƙin da suka riƙa zuwa kallo da ɗaukar hoto suna biyan kuɗin shiga da na ɗan rakiya. Wannan bai biya kowane kwanon wake ba. Amma ya sa gidaje da dama suka ga raƙumin dawa mai rai yana kawo wani abu.

Ranar 9 ga watan Agusta 2020

Ranar lahadi ce. Wasu baƙi sun fito daga Yamai don kallon raƙuman dawa. Ƴan bindiga bisa babura suka tare motarsu cikin dajin Kure, suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da ƴan Nijar 2, direba da ɗan rakiya. Ɗan rakiyar shi ne shugaban ƙungiyar ƴan rakiyar Kure.

Bayan wannan, hukuma ta rufe wurin ga baƙi. Ƴan rakiya suka zamna ba aiki. Kuɗin da ke shigowa ta hanyar kallo ya yanke. Raƙuman dawa suka ci gaba da hawa tudu da damana, suna gangara kwari da rani. Waɗanda suka rage tare da su dare da rana su ne manoma da makiyayan wurin.

Daga Kure zuwa Gadabeji

Tun kafin wannan rana, masu kula da raƙuman dawa suna da wata damuwa. Garken duka yana wuri ɗaya. Makiyayi ya san haɗarin haka. In ciwo ya shigo, ko fari ya yi tsanani, ana iya rasa su gaba ɗaya.

Arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi, akwai gandun dajin Gadabeji. An keɓe shi tun shekarar 1955, faɗinsa hekta 76.000. Ƙasar makiyaya ce, Fulani da Buzaye. Da can akwai raƙuman dawa wurin, farauta da farin shekarun 1970 suka share su. A watan Nuwamba 2018 aka kama 8 a ƙasar Kure, aka ɗora su bisa manyan motoci, aka yi tafiyar da ta fi kilomita 800 da su, aka sake su Gadabeji. A shekarar 2022 aka ƙara kai 4. Sun zamna, har sun haihu can.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da hotonsa, dama da hagu. In mai tsaron daji ya hango ɗaya bayan tudun rairayi, ba sai ya kore shi ba. Ya ɗaga kamara daga nesa, ya dubi zane, ya san wane ne.

In mai dogon madubi ya zo

Wata rana irin wannan mutum zai iya sauka bakin tabkin garinku ko cikin makiyayarku. Ga abin da ya kamata kowa ya sani.

1. Mai hoto na gaskiya yakan fara zuwa wurin hukuma da wurin mai gari, ya nuna takardarsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. A zamanin da ake fama da rashin tsaro, bututun nan yana iya sa a yi masa mummunan zato. In baƙo bai bi ta ƙofa ba, a gaya wa mai gari.

2. Izinin hoton tsuntsu ba izinin hoton mutane ba ne. In yana son hoton mace a rijiya ko yaro bayan bisashe, sai ya tambaya.

3. In ya zamna cikin bukkarsa bakin ruwa, a hana yara taruwa kansa.

4. Kar yaro ya kamo tsuntsu, ko ya kwaso ƙwai ko ƴan tsaki, don ya sayar masa. Mai hoton da ya nemi haka, ba na kirki ba ne.

5. Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kai zoben wurin ma'aikatan gandun daji, ya faɗi rana da wurin da ya tsince shi.

6. Wanda ya raka mai hoto ya nuna masa wuri, aiki ya yi. A yi ciniki tun kafin a fita.

Madubin baƙo yana ganin gashin idon dabba daga taki 100. Amma bai san tabkin da ke riƙe ruwa har bazara ba, bai san iccen da shamuwa ke komowa kowace shekara ba. Wannan sani yana wurin manomi da makiyayi, kuma da shi aka cika kundin Kure.

Direbobin da ke bin hanyar Doso zuwa Yamai kuwa, in sun iso tudun Kure, su rage gudu, musamman da asuba da almuru. Wanda ke ƙetare kwalta yana da lamba, yana da hoto dama da hagu, kuma akwai masu nemansa in damana ta zo.